Takwas a Kwali, Huɗu a Ciki

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki? Ni direba ne, ina ɗaukar fasinja da saƙo tsakanin Kano da Abuja. Bayan ƙaramar Sallah na sa aka cire mini tsohuwar rediyon motata aka ɗaura sikirin ɗin Android, saboda masu saƙo yanzu sun daina kwatance, sai dai su turo maka wurin ta WhatsApp su ce ka bi taswira. A jikin kwalin an rubuta 8 Core, 2.0GHz, RAM 4, Android 13. Mai shagon har cewa ya yi ba a shigo da wanda ya fi shi ba.

To ga abin da nake gani. Da safe idan na tashi daga Unguwa Uku, sai na wuce Na'ibawa bai gane inda nake ba. A Abuja kuma kibiyar tana biyo ni a baya, sau biyu ina wuce kwanata a hanyar Kubwa. Da rana tsaka kuwa tsayawa yake cak, sai na kashe mota na sake tayarwa. Ɗan yayata ya sa masa wata manhaja, ta nuna wai Core ɗin huɗu ne ba takwas ba, gudunsa kuma 1.3, wani lokacin ma ya sauka zuwa 600 na ƙaramin ma'auni. Shin cuta ta aka yi? Kuma ƙarancin gudun ne ya jawo duk wannan? In sayi wanda ya fi shi lamba?

Direba, Kano

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya tsare hanya, ya kawo kasuwa. Bari in fara da wadda ta fi ci maka rai: e, an yi maka algus. Ban dai ce mai shagon ne ya yi ba, za mu zo kan wannan. Amma cikin matsaloli ukun da ka lissafa, guda ɗaya ce kawai zan ɗora wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kai tsaye, ita ma da hannun rana a ciki. Idan ka fusata ka sayo mai babbar lamba, yaron da ya ɗaura wancan ya sake ɗaura wannan kamar yadda ya saba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Gobe da safe ma sai ka wuce Na'ibawa yana lalube.

A cikin akwatin nan ma'aikata iri biyu ne. Akwai mai sauraro, akwai mai zane. Mai sauraro shi ne sashen da ke kasa kunne ga taurarin ɗan'adam ya lissafa inda kake. Mai zane shi ne furosesa, wanda ke ɗauko taswira ya shimfiɗa a sikirin, ya motsa kibiya, ya kunna maka karatu ko waƙa, ya nuna kyamarar baya. Duk lambobin da ke jikin kwali na mai zane ne. Mai sauraro ba a ma cika ambatonsa ba, alhali shi ne ya makara da safen nan.

Taurarin GPS na Amurka suna shawagi ne a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Aikin kowannensu shela ne kawai: ni ne wane, ga lokacin da agogona ya nuna, ga hanyar da nake bi. Na'urarka tana auna jinkirin isowar shelar, ta san nisanta da tauraron, kuma sai ta ji aƙalla guda huɗu kafin ta ce ga ka nan. To ga inda gizo ke saƙa. Bayanin hanyar tauraron yana saukowa ne a hankali ƙwarai, abin da bai wuce haruffa shida ba a daƙiƙa ɗaya, kuma sai bayan daƙiƙa 30 yake maimaituwa. Cikakken jadawalin taurarin gaba ɗaya kuwa minti goma sha biyu da rabi yake ɗauka. Mai shela ne mai jan magana. Ko kunnenka ya kai na zomo, dole ka tsaya ya kai aya. Idan kuma ka shiga ƙarƙashin gada ko ka raɓi tirela ana tsakiyar shelar, wani yanki ya wuce ka, sai ka jira zagaye na gaba. Bayanin ma 'yan sa'o'i yake yi ya tsufa, shi ya sa motar da ta kwana take farawa daga farko. Ko furosesan da ya fi kowanne gudu a duniya aka sa maka, wannan jiran bai raguwa da daƙiƙa ɗaya.

Na san za ka ce ai wayarka nan take take ganewa. Gaskiya ne, amma satar amsa take yi. Tana karɓo wannan bayanin ta data, ta kuma leƙa turakun sabis da ke kusa ta yi kintace, kafin ma ta ji tauraro ko ɗaya. Da yawa daga cikin sikirin ɗin mota su ma za su yi hakan idan ka ba su intanet. Saboda haka da safe, kana ɗumama inji a fili, ka buɗe masa data daga wayarka, ka ba shi minti ɗaya kafin ka ja.

Sai dai minti ɗaya ko biyu ne jiran da na sani na halal. Daga Unguwa Uku har bayan Na'ibawa, ga cunkoson safe, ya yi yawa, kuma ina iya rantsuwa eriya ce. A cikin kwalin akwai wata 'yar baƙar aba mai kusurwa huɗu, kamar akwatin ashana, da doguwar waya. Ita ce kunnen. Saƙon da take kamowa ya yi tafiyar kilomita dubu ashirin, ya iso a galabaice, ƙarfe ko kankare kaɗan ya isa ya tare shi. Ba zan iya ƙirga motocin da na buɗe na tarar da ita a cuse a bayan dashbod ba, ƙarƙashin ƙarfe, tana kallon tayar mota. Akwai wadda na samu wayarta a naɗe da ɗan ƙullinta na kamfani, ba a ko warware ba. Akwai kuma wadda mai wayarin ya manta bai jona ba sam, mai motar ya yi wata uku yana zagin China. Ka sa a fito da ita, a liƙa ta a saman dashbod kusa da gilashin gaba, fuskarta tana kallon sama. Roba ba ta tare ta, amma wasu ledojin duhunta gilashi masu ƙarfe a ciki suna tarewa. In kana son shaida, ɗan yayarka ya sa manhajar GPSTest. Za ta jero taurarin da ake ji, har da na Rasha da na Turai da na China idan na'urar tana jin yarensu, kowanne da lambar ƙarfinsa. Idan kana fili kana ganin lambobi kusa da 40, kunne lafiya. Idan duk ashirin da 'yan kai ne, a sake wa eriya wuri.

Batun kibiya mai biyo ka a baya, rabinsa halitta ce. Irin waɗannan na'urori sau ɗaya suke faɗin wurinka a kowace daƙiƙa. Kana gudun kilomita 100 a sa'a, kafin ta sake magana ka ci kusan mita 28. Abin da kake gani yana tafiya sumul a tsakani kintace ne na manhaja. Ƙara da cewa ma'aunin kansa yana kuskuren 'yan mitoci, titin Kubwa kuma ga babbar hanya ga ta gefe suna tafe kafaɗa da kafaɗa, sai manhaja ta ɗora ka a kan wadda ba ita kake bi ba. Sannan idan Google Maps kake amfani da shi, lissafin sabuwar hanya bayan ka wuce kwana yawanci ba a cikin motarka ake yinsa ba, a kwamfutocin kamfanin ake yi a turo maka. Inda sabis ya yi rauni, ka ga abu yana ta juyawa, kai kana tsammanin furosesa ne ya gaji, alhali amsa yake jira. Ka saukar da taswirar Kano da Kaduna da Abuja a cikin na'urar tun kana gida, za ka ga bambanci. Ɗaya rabin kuwa, wato kibiya tana tsalle, taswira tana jan ƙafa idan ka juya, wannan kam na mai zane ne.

To mu zo kansa. Gigahaz, wato GHz ɗin da ke jikin kwali, ƙidayar bugu ce: 1.3 na nufin furosesa yana bugawa sau biliyan ɗaya da miliyan ɗari uku a daƙiƙa. Ba ta faɗin aikin da yake gamawa a kowane bugu. Kai direba ne, ka fi ni sanin wannan. Injin babur yana juyawa fiye da injin DAF ninki uku ko huɗu, ƙararsa ma ta fi tsini, amma wa ake ɗora wa buhun siminti ɗari shida? Masu kwamfuta sun sha wannan darasin tuntuni. A 2004 kamfanin Intel ya kai furosesansa Pentium 4 har gigahaz 3.8, sai ga shi a 2006 ya fito da Core 2 Duo mai 2.4 wanda ya bar wancan a baya, bai kuma kai shi zafi ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Lambar da ake rubutawa, ko da ta gaskiya ce, ƙarshen maleji ce. Motarka an rubuta mata 220, sau nawa ka kai? Wannan 600 da ɗan yayarka ya gani, megahaz ne, wato gigahaz 0.6, kuma ba cuta ba ce: furosesa yana sassauta totur idan babu aiki, ya taka idan aiki ya zo. Haka aka gina kowanne, har na wayar da ta fi tsada. Inda matsala take shi ne akwai abu na biyu da ke tilasta masa sassautawa, wato zafi. Idan ya kai wani mataki, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A bazarar Kano iskar waje tana haura digiri 40, dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana kuma yana iya wuce 70. Akwatin yana cikin rami, babu iska, sikirin a kunne da cikakken haske, taswira tana aiki, waƙa tana tashi. A daidai lokacin da ka fi bukatarsa, a lokacin yake rarrafe, har ya sandare. Wanda ya rubuta lambar a ɗaki mai sanyi ya auna ta, in ma ya auna.

Su kuma "takwas" ɗin, ka ɗauke su 'yan dako ne. Takwas sun fi huɗu idan kayan suna rabuwa, amma aiki da yawa a cikin manhaja buhu ɗaya ne, mutum ɗaya zai ɗauka sauran suna kallo. A nan ƙato ɗaya ya fi yara takwas. Na taɓa ganin tallan da aka ninka 1.3 sau huɗu aka rubuta 5.2, kamar ka ce babura huɗu masu gudun 80 sun zama mota mai gudun 320.

Duk wannan uzuri ne ga kwalin da ya faɗi gaskiya. Naka bai faɗa ba. Huɗu ba ta zama takwas saboda zafi. Daga siffar da ka bayar, ina kyautata zaton abin da ke ciki irin wanda ake kira 8227L ne, ko ɗan'uwansa T3L: 'yan dako huɗu na samfurin Cortex-A7, zanen da kamfanin ARM na Ingila ya fitar tun 2011, gudunsu gigahaz ɗaya da ɗoriya. Ba mugun abu ba ne, masu ƙera shi ba su ce ya fi haka ba, kuma a farashinsa yana rediyo da kyamarar baya lafiya lau. Amma da wuya ka gan shi da RAM fiye da gigabait 2, sau da yawa ma 1 ne. Ni ma a wurinka ƙarancin RAM ɗin ya fi damuna fiye da gigahaz. RAM ita ce teburin aiki. Idan ta cika, na'ura tana ta sauke wannan ta ɗauko wancan daga ma'ajiya mai jinkiri, shi ne ka taɓa sikirin sai ka ƙirga uku kafin ya amsa.

Yadda ake yin algus ɗin ba wuya. Shafin nan na cikin saiti da ke nuna bayanin na'ura ba awo yake yi ba, karanto rubutu yake daga wani ɗan fayil. Wanda ya haɗa manhajar cikin na'urar zai iya rubuta duk abin da ya ga dama, kamar a liƙa wa galan ɗin man gyaɗa takardar man zaitun. Wasu sun ƙware har sun koya wa na'urar ta yi wa sanannun manhajojin bincike ƙarya, shi ya sa nake gwadawa da biyu ko uku, irin su CPU-Z da AIDA64 da Device Info HW, in ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Akwai kuma wata lamba da ta fi wuyar ɓoyewa, ana rubuta ta API. Kowane Android da tasa: na 8.1 lambarsa 27, na 9 kuma 28, na 10 yana da 29, na 13 kuwa 33. Idan fuska ta ce 13, API ya ce 27 ko 28, ka kama ɓarawo da kaya a hannu.

Wa ya yi? Galibin waɗannan akwatuna a yankin Shenzhen na China ake harhaɗa su, ƙananan masana'antu barkatai, babu suna a jiki, kwali iri ɗaya. A can ana samun na gaskiya ana samun na bogi, ya danganta da abin da mai saro kaya ya nema da abin da ya biya. Mai shagon unguwa sau da yawa kwalin ya karanta kamar yadda ka karanta, shi ma haka aka gaya masa. Wannan bai sauke masa nauyi ba, tunda shi ya karɓi kuɗinka a kan siffar da ba ita ba. Ka ɗauki hoton kwalin da hoton abin da manhajar ta nuna, ka haɗa da rasit, ka je masa da lalama tukuna. Ka nemi ko dai ya canza maka, ko ya mayar maka da bambancin kuɗin tsakanin mai huɗu da mai takwas, don a kasuwa ba farashinsu ɗaya ba. Idan ya ƙi, shugabannin kasuwa sun fi saurin warware irin wannan. Bayansu akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar koke a kan kayan da aka sayar da siffar ƙarya.

Idan canji za a yi, kada ka sake tambayar gigahaz nawa ne. Ka tambayi sunan furosesan. Misali UIS7862 takwas ne na gaske, ƙarti biyu na Cortex-A75 da matsakaita shida na A55, kuma ko da lambar gudunsa ba ta yi nisa da ta naka ba, tsakaninsu kamar babur da DAF ɗin nan ne. Ka juya bayan akwatin ka duba: akwai faffaɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga na shan zafi? Akwai 'yar fanka? Ni a ƙasarmu na fi daraja fanka a kan rabin gigahaz. Sannan kafin a yanke waya ko ɗaya a motarka, a jona shi da batir a kan tebur, ka fito da agogon wayarka. Daƙiƙa nawa daga kunnawa zuwa buɗewar taswira? Ka nemi hanya daga Kano zuwa Legas, ka ja taswirar da yatsa, ka matso ka nesanta, waƙa tana tashi. Ka bar shi haka minti ashirin ka sake gwadawa bayan ya ɗumama. Mai shagon da ya hana ka wannan ya riga ya ba ka amsa.

In kuma ka ga rigimar ba ta kai ba, wannan ɗin ma zai yi maka aiki idan ka rage masa kaya. Ka cire manhajojin da ba ka bukata, ka daina buɗe bidiyo tare da taswira, ka riƙa rufe gilashin gaba da kwali ko abin tare rana idan ka yi fakin a tasha. Manhajoji irin su Organic Maps sun fi sauƙin ɗauka, ba sa kuma bukatar sabis bayan an saukar da taswira. Idan na'urar tana karɓar Android Auto ko CarPlay, ka jona wayarka: a nan waya ce ke sauraro da lissafi, sikirin nunawa kawai yake, huɗun ma sun ishe shi.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Shekarun baya na sayi mota 'yar Kwatano, na tsinci wata tsohuwar na'urar TomTom a aljihun gaba. Taswirar Faransa ce a ciki, ba ta san Maraɗi ba, amma don wasa nakan sa ta nemo hanya daga Paris zuwa Marseille, ta kawo ba tare da ta sandare ba. Ɗana ya ce gudunta megahaz 400 ne kacal. Yaya ta fi sabon sikirin ɗin maƙwabcina natsuwa?

Malamin makaranta, Maraɗi

Amsa

Malam, barka kadai, a gaishe da mutanen Katsinar Maraɗi. Ka riƙe ta da kyau, ina da irinta a durowa, nakan fito da ita idan yaran shago suka cika ni da zancen lambobi.

TomTom kamfanin Holan ne, a birnin Amsterdam. Na'urarsu ta farko mai zaman kanta, TomTom GO, ta fito a 2004 da megahaz 200 da RAM megabait 32, kuma da ita mutane suka riƙa ratsa Turai. Taka ma ta ninka ta. Sirrin bai wuce biyu ba. Na farko, sana'arta ɗaya. Ba ta WhatsApp, ba ta YouTube, babu wasu manhajoji goma da ke cin tuwo a bayan fage, kuma waɗanda suka ƙera akwatin su suka rubuta manhajar daidai jikinsa, kamar ɗinkin tela. Sikirin ɗin maƙwabcinka kuwa gwanjo ya saka: manhajar da aka ɗinka wa manyan wayoyin bana aka zura wa furosesan da zanensa ya haura shekara goma. Na biyu, zanen da take yi kaɗan ne. Fuskar waccan ta farko ɗigo 320 ne a kwance, 240 a tsaye, jimla 76,800. Sikirin ɗin mota na yau mai 1024 da 600 yana da ɗigo 614,400, ninki takwas cif, kuma kowane motsi sai an sake fentin su.

Neman hanyar kansa bai kai wahalar da ake zato ba. Wani masanin lissafi ɗan Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa dabarar gano hanya mafi kusa tun 1959, lokacin da kwamfuta take cika ɗaki. Shi ma a Amsterdam ya yi tunaninta, abin ya zama kamar gadon gari. Na'urorin mota sun ƙara mata wayon direba: ba sa bin kowane lungu na ƙasar, suna duba ƙananan hanyoyi ne a kusa da mafari da kusa da masauki, a tsakani su hau babban titi. Kai ma idan za ka Yamai ba ka lissafa lungunan Dogon Dutsi.

Abin lura, kamfanoni irin su Garmin ba kasafai ma suke rubuta gudun furosesa a kwalin na'urar mota ba. Girman fuska da taswira da batir suke faɗa. Yawan ihun gigahaz ya fi yawa a kwalin da ba shi da suna.

Idan ka ga tana nuna kwanan wata ko lokacin da ba daidai ba, kada ka ce ta lalace. Ƙidayar makonni ta GPS tana cika ne a 1,024 ta koma sifili, kusan duk shekara ashirin. Ta koma a daren 6 ga Afrilu 2019, kuma wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta ba sun rikice tun daga ranar.

Tambaya

Injiniya, ina wuni. Mijina ya ce idan hazo ya sauko na'urar taswira tana rage gudu saboda ƙura ta tare tauraro. Ni kuma na ce ba haka ba ne. Ka raba mana gardama.

Uwargida, Sakkwato

Amsa

Hajiya, lafiya lau, a gaida Alhaji, a kuma ba shi haƙuri, ke ce da gaskiya, ko da yake zan ba shi ɗan abin riƙewa.

Saƙon GPS igiyar rediyo ce mai tsawon kusan santimita 19. Ƙwayar ƙura ba ta kai ta tsaya mata a hanya ba, haka gajimare, haka ruwan sama na yau da kullum. Hazon da ke hana jirgi sauka a filin jirgin Sakkwato idon matuƙi yake tarewa, ba tauraro ba. Abin da ke tare saƙon shi ne rufin kwano, kankare, dogayen gine-gine da duhuwar itatuwa. Abin da ya fi dagula shi a sama kuma ba a ganinsa da ido: wani sashe ne na sararin samaniya, ɗaruruwan kilomita sama da inda hazo yake ƙarewa, wanda hasken rana ke cajawa. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin namu yakan hargitse bayan faɗuwar rana, ma'auni ya ɗan yi rawa. Wayoyin da ke sauraron tasha biyu ta tauraro a lokaci ɗaya, waɗanda suka fara fitowa a 2018, suna rage kuskuren da wannan sashe ke jawowa.

Ga rabon Alhaji. Ƙurar hunturu tana shiga bayan dashbod, ta toshe ramukan iska, ta kwanta a kan ƙarfen shan zafi, ta daskarar da 'yar fanka idan akwai. Ba za a ji a jiki ba sai bazara ta shigo, furosesa ya rasa inda zai fitar da zafi, ya fara rage gudu. Idan hazo ya ɗauke, wajen ƙarshen Fabrairu, a kai motar wurin mai wayarin ya zaro akwatin, a hure shi da iska, a goge ƙarfen da busasshen buroshi, a tabbatar fankar tana juyawa kafin a mayar.